Magena na gudun kilika, Hajiya kuma ta ba ni wa'adi

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗau zafi. Ina da mage, Lulu. Daminar bara na tsince ta a bakin kwata bayan gidanmu, ruwa ya yi mata dukan kawo wuƙa, ko ido ba ta gama buɗewa ba. Da sirinji na riƙa ɗura mata madara, a kwalin taliya take kwana gefen gadona. Lokacin maigida yana Legas wata huɗu, ni kaɗai a sashena, ita ce abokiyar hirata, shi ya sa ba na jin zan iya rabuwa da ita. To yanzu ta girma ta zama fitina. Ta yage hannun kushin ɗin kayan ɗakina, ranar Juma'a kuma ta shiga kicin ɗin Hajiya, uwar mijina, ta ɗauke kifin da aka soya wa baƙi. Hajiya ta ce kafin babbar sallah ko ta shiryu ko a sa ta a buhu. Na ga ana horar da mage a YouTube da ɗan abin nan mai ƙara ƙas-ƙas, kilika, na yi oda. Yau sati biyu, da na danna sai ta ruga ƙarƙashin gado. Ina kuskuren yake?

Anti Ladidi: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, mage ba kare ba ce. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya hana ta sata ba. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, wa ya bar kifi a buɗe?

Abban Khairat: Anti, ana horar da ita sarai, tawa har hannu take miƙo min. Maman Hanif, ba ki faɗi babban abu ba: yaushe kike dannawa, kuma me kike ba ta bayan nan?

Maman Hanif: In na ga ta hau kushin sai in danna don ta sauka. Wani lokaci kuma in ina kiranta. Ɗan kilishi nake ba ta in ta zo.

Abban Khairat: To ga matsalar nan, kin mayar da shi abin tsawa. Ƙarar ma'anarta ɗaya ce kawai: abin da kika yi yanzun nan daidai ne, ga ladanki. Ba a kira da ita, ba a kora da ita. Masu horar da dabbar tekun nan dolfin ne suka yi fice da dabarar, da usur suke yi. Wata Ba'amurkiya mai suna Karen Pryor da ta yi wannan aikin a Hawai a shekarun 1960 ita ta yaɗa ta ga masu karnuka da maguna. Ki koma farko. Ki sa kilikar cikin safa ko aljihu don ƙarar ta ragu, ko ki yi da biro mai dannawa. Ki danna, nan take ki ajiye mata ɗan nama, kada ya wuce ƙwayar wake. Sau 10 zuwa 15, ba ki nemi ta yi komai ba. Ranar da kika danna ta ɗago kai tana neman hannunki, ta gane. Daga nan sai ki miƙa mata bakin muciya, da hancinta ya taɓa, ƙas, nama. Minti 2 ko 3 ya isa, kuma kafin cin abinci. Kilishi ki daina yau ɗin nan, albasa da tafarnuwa suna lalata wa mage jini. Ki dafa kaza ko kifi zalla, ba gishiri ba magi.

Maman Hanif: Ai ɗan kaɗan ne, kuma ina kakkaɓe yajin. Ita kanta ta fi son shi. Maganar kafin cin abinci kuma, kwanonta ba ya rabuwa da abinci, ba zan iya barinta da yunwa ba, Allah zai tambaye ni.

Maman 'Yan Biyu: Ni wallahi ba magen ce ta dame ni ba, buhun ne. Haka tawa uwar mijin ta sa aka yanka min zakara ina asibiti, wai yana hana ta barci, har yau ko "yi haƙuri" ban ji ba. Yau mage ce, gobe ke ce. Me maigidan ya ce?

Malama Hassana: A dai yi hattara da harshe, uwa ce. Amma a tuna wa Hajiya cikin ladabi hadisin da ke Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. In dole sai an rabu, a nemo wanda zai riƙe ta.

Baban Walid: Ku bar dogon Turanci. Robar fesa ruwa za ki samu, ta hau kushin ki fesa mata a fuska. Muzurun maƙwabcina ya cinye min 'yan tsaki bakwai, na yi magana aka ce dabba ce. Tun da na watsa masa ruwa bai ƙara leƙo katangata ba.

Abban Khairat: Bai ƙara leƙowa ba in kana nan, Baban Walid. Ruwa ba ya koya mata barin kushin, yana koya mata tsoron mai robar ne, kina fita unguwa ta koma. Karta kuma ɗabi'arta ce, da shi take zubar da tsohon ɓawon farce ta kuma bar alamarta, ba wanda zai hana ta. Ki naɗe katako da igiyar rama, tsayinsa ya kai ta miƙe sosai, ki kafa shi dab da hannun kushin ɗin. Ta sa farce a jiki, ƙas, nama. Kuma ban ce ki bar ta da yunwa ba, cewa na yi ki ɗauke kwanon, ki ba ta sau biyu ko uku a rana. Ƙosasshiyar mage ba ta yi wa kowa aiki.

Anti Ladidi: Duk wannan ba zai hana ta kifin Hajiya ba.

Abban Khairat: Wannan kam sai a rufe ƙofar kicin.

Maman Hanif: Kicin ɗin Hajiya ba ƙofa, labule ne, kuma ni ban isa in ce a sa ba. Katako a falo ma maigida ba zai yarda ba, zai ce na ɓata masa wuri. Na gwada biron yanzu, ba ta gudu ba, amma ta shinshina kazar ta juya ta tafi. Shi ya sa na ce kilishin.

Abban Khairat: Don kwanon yana nan a cike ne. Kin ɗauke shi?

Maman 'Yan Biyu: Har yanzu ba ki faɗa mana abin da maigidan ya ce ba.

Maman Hanif: Ya ce ba ruwansa, tsakanina da Hajiya ne. Kwanon kuma bari dai in ga zuwa gobe.

Ummu Sadiq: Don Allah nawa kika sayi kilikar? Yana aiki a kan akuya?