Abin da aka tattauna kan kwalaben shagalin ƙarshen shekara

Jama'a, magana ta yi tsawo kan wane lemon inabi marar giya za a kai wa baƙi a shagalin, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda a karanta jikin kwalba kafin a biya. Shamfen ɗin Faransa giya ce, kusan kashi 12 cikin ɗari, kuma kwalbarta da ta lemon inabi kamar an tsaga kara.

2. Eva, Veleta da Chamdor aka fi ambata a cikin marasa giya.

3. A nan aka rabu. Akwai ruwan inabi da aka zuba wa iskar gas kawai, akwai kuma wanda aka bari ya zama giya sannan aka cire ta, yakan rage har kashi 0.5. Kan na biyun, wasu sun ce ba komai, mafi yawa suka ce ba za su kai shi gaban baƙi ba. Ni ma ina tare da mafi yawan.

4. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

5. A sanyaya sosai, kar a girgiza, a danne murfin da tafin hannu, kar ya faɗa idon yaro.

6. Masu ciwon sukari sun koka da zaƙi. Iyaye mata suka ce a dafa musu zoɓo da citta da kanumfari, ba sukari.