Neman kalma: me za mu kira "reservoir host" da Hausa?

Salam 'yan uwa. Ku masu fassara labaran lafiya a gidajen rediyon Kaduna da malaman asibiti, dan Allah a taimaka, akwai kalmar da ta ƙi zama a bakina, wato reservoir host. Ana nufin dabbar da ƙwayar bairos ke zaune a jikinta tun kaka da kakanni, ba ta kashe ta, galibi ko kwantar da ita ba ta yi, sai ranar da ta tsallako jikin mutum a shiga uku. Kamar jemage da cutar Marburg, ko ɓera da zazzaɓin Lassa.

Abin da aka saba faɗa shi ne "mai ɗauke da cuta". Toh ai majinyacin da ke kwance a gado ma yana ɗauke da ita, sauro ma haka, kun ga bai raba komai ba.

Wani Malam ya kawo "ma'ajiyar cuta", wata Hajiya ta ce "rumbun cuta". Wallahi sun yi daɗin faɗa amma tsoronsu nake ji, don ma'ajiya sai da mai ajiya, rumbu kuma sai da wanda ya zuba hatsi. Ka faɗa a rediyo cewa jemage ne ma'ajiyar Marburg, kafin a rufe shirin wani a teburin mai shayi a Kawo ya ɗaga kai ya ce to wa ya ajiye ta, shi ke nan kafin magariba labari ya cika WhatsApp wai Turawa ne suka yi wa jemagu allura suka sako mana. Kuma ba na ganin laifin masu zargi ɗari bisa ɗari, gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba tatsuniya ba ne, yana cikin abin da ya rura ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Mutanen da aka taɓa yi wa haka ba a ba su kalmar da ke nuna hannun wani a inda babu hannun kowa.

Ita Marburg ɗin ma sunanta kaɗai ya isa ya jawo magana, garin Jamus ne. A 1967 ma'aikatan ɗakunan gwaji a Marburg da Frankfurt da Belgrade suka kamu, mutum 7 suka mutu, daga birai ne da aka kai musu daga Uganda. Birin ma ba gidanta ba ne, ratse ta yi. Sai wajen shekara 40 bayan nan aka gano ta a jikin wani jemage mai cin 'ya'yan itace da ke kwana a kogo da ramin haƙar ma'adinai, kuma ɓarkewar Ruwanda ta 2024 ma wani ramin ma'adinai mai jemagu aka danganta ta da shi.

Shi ya sa "mai masaukin cuta" da wani ɗan uwa ya bayar nake ganin a bar wa biri, da aladun Malesiya da cutar Nipah ta bi ta jikinsu ta kama mutane a 1998. Baƙo ne ke da mai masauki.

Ni "mazaunin cuta" na so, sai Baba ɗaya a nan ya ce yaro yi jam'insa mu ji. Mazaunai kenan, hhh, Allah ya ba ka haƙuri Baba, an janye. "Gidan gadon cuta" kuma za a ɗauka irin su sikila ake nufi.

Wanda ya rage, kuma nake ganin mu tsaya a kansa, shi ne "gidan asalin cuta". Ku gwada a baki: jemage ne gidan asalin Marburg, ɓera ne gidan asalin Lassa. Ba a tambayar wa ya kai mutum gidansu na asali, can aka same shi. Yana da ɗan tsawo, na sani, amma tsohuwa a Rigasa za ta gane ba sai an yi mata fashin baƙi ba.

Sai dai a kula wajen Ebola, kar a ce jemage ne kai tsaye, a ce ana kyautata zato, don har yanzu masana ba su ciro rayayyar ƙwayarta daga jikinsa ba kamar yadda suka yi da Marburg. Kuma kar yara su ji wannan su ɗauki danƙo su far wa jemagun bishiyar mangwaro, taɓa gawar jemage da jininta ya fi hatsari. Mangwaron da aka tsinta a ƙasa da safe da shatin haƙori a gefe, wanda ake yanke wajen a shanye sauran, shi dai a jefar.

Saura kalmar spillover, wato fitowar cutar daga dabba zuwa mutum. Ni "tsallake" na kawo, wanda ke da wadda ta fi ta bismillah.