Abin da muka tsinta kan BGP mai yawan faɗuwa

Bayan sallar isha'i a Jidda, wani ƙaninmu mai kula da rauta (na'urar da ke tura bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa) a wani kamfani ya kawo kuka: tun da ya kunna CoPP, wato takunkumin da ke kare ƙwaƙwalwar rauta daga cunkoso, BGP ɗinsa, wato tsarin da rautoci maƙwabta ke sanar da juna hanyoyi da shi, sai ya tashi ya faɗi.

Dattijon cikinmu ya ce: "Ɗana, duba ACL ɗin tukuna." ACL jerin ƙa'idoji ne na tantance fakitoci, wato gutsattsarin bayanai; a CoPP na Cisco, permit a cikinsa ba izinin wucewa ba ne, yana nufin fakitin ya shiga ajin da aka haɗa da ACL ɗin. Nan mutane da yawa suke tuntuɓe. BGP kuma yana bin ƙofar TCP 179, dole a rubuta ta a ɓangaren tushe da na makoma, domin kowane maƙwabci yana iya fara kira. Ashe layi ɗaya kawai ƙanin namu ya rubuta, sauran fakitocin suna zubewa cikin class-default, wato ajin duk abin da bai dace da wani aji ba, ana yar da su.



Shawarar da ta fi burge ni: kada a fara da zubarwa. A bar komai ya wuce na 'yan kwanaki, ana duba ƙididdigar fakitoci da umarnin show policy-map control-plane, sannan a sa iyaka.