Ƙararraki sun yi mini yawa, hankalina yana rabuwa a kotu

Assalamu alaikum manyanmu. Shekarata biyu da fara aikin lauya. Akwai ranar da nake da ƙara uku a kotu biyu, ga takardun da zan shigar, ga waɗanda nake karewa suna ta kira. Da alƙali ya katse ni, sai zaren maganata ya ɓace. Yaya ake tattara hankali a irin wannan hali?

Babbar lauya, Kaduna: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ke raba maka hankali shi ne ka riƙe komai a ka. Ranar da fayil ya zo hannunka, rubuta wa'adinsa a bangon fayil ɗin da kuma littafin ranaku, sannan ka sa wa kanka ranar gamawa kwana bakwai kafin ta gaskiya.

Wa'adin ma ba ɗaya ba ne. Ɗaukaka ƙarar farar hula daga Babbar Kotu: wata uku idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan na tsakiyar shari'a ne. Wannan in ya wuce kana iya roƙon ƙarin lokaci, ko da yake sai ka kawo dalili a takardar rantsuwa. Ƙarar zaɓe kuwa kwana 21 ne bayan bayyana sakamako, kuma sashe na 285 na Tsarin Mulki ne ya yanke shi, babu alƙalin da zai ƙara maka ko yini ɗaya. Kowace safiya fara da wanda in ya kuɓuce ƙarar ta mutu. Sauran su jira.

Lauya, Kano: Batun katsewa, Barista, ka daina karanta jawabi a kotu. Takarda ɗaya ta isa: abin da kake roƙo a sama, dalilai uku a ƙasa, kowanne da sashen doka da lambar shafinsa a fayil. Idan Mai Shari'a ya jefo tambaya, ɗora yatsa a inda ka tsaya, amsa masa kai tsaye, ka koma kan yatsanka. Kada ka ce za ka zo kanta nan gaba, alƙalai ba sa son haka, kuma tambayar ce ke nuna maka inda shari'arka take da rauni.

Wajen titsiye shaida kuma, rubuta amsar da kake nema, ba tambayar ba. Ka samu, ka ja layi a kai, ka wuce. Tambaya ɗaya ta ƙari ita ke ba shaida damar gyara abin da ya ɓata.

Wani memba: Ƙara biyu ƙarfe 9 a kotu daban-daban, tun ana gobe ake warware ta. Duba jerin ƙararraki wurin magatakarda. Wadda ambato kawai za a yi, wato a kira ta a sa mata wata rana, ba abokin aiki ya riƙe maka, da rubutaccen bayani da ranakun da kake da sarari. Kai ka tsaya inda za a ɗauki shaida.

Dattijon lauya: Ɗana, gaggawa a wurin sa hannu take cin mutum. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Okafor da Nweke a 2007, takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya banza ce. Kafin takarda ta fita duba sunanka, hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya (NBA), lambar ƙara. In za ka miƙa saƙon waya ko abin da aka buga daga kwamfuta, haɗa takardar shaidar da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙata.

Waya kuma, sa ta a jaka. Ware wa masu ƙara awa ɗaya bayan la'asar, ka gaya musu tun ranar farko.