Wace kalma za mu ba "consulting" ɗin da ɗalibanmu ke yi a kasuwannin Legas?

Jama'ar Legas, assalamu alaikum. Neman kalma ya kawo ni, kuma ina so mu tsayar da ita kafin Asabar, don akwai takardar da za mu buga mu raba a kasuwa.

Mu 'yan ƙalilan ne, ɗalibai 'yan Arewa daga Jami'ar Legas ta Akoka, da Jami'ar Jihar Legas ta Ojo, da kwalejin fasaha ta Yaba. Duk Asabar mukan rarrabu, wasu Mile 12, wasu Agege, 'yan Ojo kuma Alaba Rago tunda tana kusa da su. Mu zauna da mai sana'a mu duba shige da ficen kuɗinsa, mu nuna masa inda riba ke zurarewa, mai son rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar CAC kuma mu cike masa a waya. Ko sisi ba ma karɓa. A aji consulting ake ce wa wannan aiki. Idan muka shiga kasuwa sai baki ya mutu.

Makon jiya ne abin ya dame ni. Na je rumfar wani dillalin albasa a Mile 12, mutumin Aliero, sa'an mahaifina. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, mu kwansaltan ne." Ina kallo ya jawo littafinsa ya tura ƙarƙashin buzun sallah, ya ce, "Ɗana, na asibiti ko na haraji?" Su biyun nan kaɗai ya sani da wannan suna, kuma da gaskiyarsa.

Sai da muka yi azahar tare, ya tambayi garinmu da gidanmu, sannan littafin ya fito. Bashi a rubuce da ajami, wani a jikin yagaggen kwali. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yawancin cinikinsa ya koma tiransifa, kuma asusun da kuɗin albasa ke shiga daga shi yake tura na cefane gida. Layi biyar kawai muka ja masa: kuɗin saye, kuɗin mota, 'yan dako, la'ada, da abin da ya ruɓe a hanya. Na ƙarshen nan bai taɓa sa shi a farashin buhu ba. Ya daɗe yana duban takardar, ya ce, "Ashe nan ramin yake." Kalma ɗaya ta kusa hana mu wannan zama.

Ga abin da 'yan'uwa suka kawo zuwa yanzu.

Da yawa sun ce 'yan sa-kai. Ma'anar daidai ce, amma duk wanda ya fito daga Zamfara ko Katsina ko Sakkwato ya san abin da ke faɗo masa a rai yau idan ya ji sunan: masu bindiga da ke gadin gari. Ba zan shiga rumfar bawan Allah da shi ba.

Tuntuɓa ma an kawo, ana ganinta a labarai. Sai dai mai neman shawara shi ke tuntuɓa, mu kuwa mu ke zuwa. Masu duba kasuwanci kuma ta yi kusa da 'yan duba, a bar ta.

Wata yaya tamu daga Idi-Araba ta kawo wadda ta fi tsaya mini: malamin sana'a, a kan ƙirar malamin gona. Hujjarta mai ƙarfi ce. Malamin gona ya yi karatun boko, yana bin manomi har gonarsa, ya duba shuka ya faɗi takin da ya dace, kuma manoma sun saba da shi. Ta guji malamin kasuwa da gangan, don a garuruwanmu wannan shi ne mai yankar rasit. Yaya, na yarda da ke rabi. Abin da ya tsayar da ni shi ne nauyin kalmar. Yaro ɗan aji uku ya zauna gaban wanda ya shekara talatin yana sauke albasa a Legas, ya ce shi ne malaminsa? Dattijon nan shi ya koya mini gane buhun da ya fara ɗumi daga warinsa kawai. Koyarwar ba ta gefe ɗaya ba ce.

Shi ya sa nake ba da shawarar a raba abin biyu. Ƙwararren da ke da ofis, ake biyansa, a kira shi mashawarcin sana'a, tunda kunne ya saba da mashawarcin gwamna. Namu na ɗalibai kuma a kira shi gayyar shawara, masu yi 'yan gayyar shawara. Kowa ya san gayya: matasan gari su taru a gonar mutum su yi masa noma, ba lada sai fura da addu'a, gobe kuma a koma gonar wani. Ba sai an yi bayanin cewa kyauta ne ba, ba kuma sai an rantse cewa ba gwamnati ta aiko mu ba.

Wani kawu daga Agege ya ja hankalina cewa akwai ramuwar gayya, akwai gayyar soɗi. Gaskiya ne, Kawu, amma da aka ce "an yi wa wane gayya a gona" ba wanda ke kai tunaninsa can.

Jiya na gwada ta a waya da dattijon Aliero. Na ce, "Baba, 'yan gayyar shawara za su dawo Asabar." Ya ce, "To, furar a wuyana take, kuma ku zo da wuri, maƙwabcina mai tattasai ma yana da littafi."

Idan akwai mai kalmar da ta fi wannan, ya kawo kafin daren Alhamis. Juma'a da safe za mu kai wa mai buga takarda.