Tsaka-tsaki a addini: me kuka gani a jami'a?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Ƙanena zai shiga jami'a bana. Baba ya kafe sai ta Musulunci, irin Al-Hikmah ta Ilori ko Crescent ta Abeokuta, wai can ne yaro ba zai sangarce ba, ba kuma zai faɗa hannun masu zafin ra'ayi ba. Ni LASU, jami'ar jihar Legas, nake so, ga ta nan Ojo. Wanda ya yi, ya ba mu labari.

Yaya ta Mile 12: Wa alaikumus salam ƙanena. UNILAG na yi, wato Jami'ar Legas da ke Akoka. Ɗakinmu ɗaya da wata Bayarabiya, ubanta Alhaji, uwarta mai zuwa coci. Da azumi uwar ce ke aiko mana da abincin buɗa-baki har Akoka, ran Ileya, wato Babbar Sallah, ita ke rabon naman layya. Da farko ƙin ci na yi, Allah ya yafe mini. An sha yi mana lacca kan zaman lafiya, ban riƙe ko ɗaya ba, amma kular matar nan ina tuna launinta.

Malamin Idi-Araba: Ni ta Musulunci na yi, sunanta ba dole ba ne. Can rigimar mu da mu ce: kabalu da sadalu, Maulidi, wa zai ja salla. Sai da aka kai ana jam'i biyu a masallaci ɗaya. Wani malamin fiƙihu ne ya kashe wutar. Ya sa kowane ɓangare ya kare hujjar ɗaya ɓangaren a aji, kuma da maki. Ni da nake ganin mai sadalu ɗan bidi'a, sadalu aka ba ni! Na kwana ina bincike, ashe hadisin kabalu na cikin Muwaɗɗa, ruwayar sadalu na cikin Mudawwana, duk gidan Imamu Malik. Ranar na sha gumi. Wanda ya kare kabalu, shi ya zama babban abokin ango a bikina.

Uwar Biyu: A dai lura. Wasu in sun ce tsaka-tsaki, "cire hijabi" suke nufi. Sai da aka je Kotun Ƙoli a 2022 kafin a tabbatar wa 'yan sakandaren gwamnatin Legas 'yancin sa hijabi. MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da aka kafa a garin nan tun 1954 ita ta riƙe 'ya'yana, amma na riƙa tambayar wa ke ba su karatu.

Ɗan Agege: Allah ya saka. Malam, don Allah bayan Juma'a ka biyo ta gida, Baba zai fi jin maganarka. Amma ka sani, shi sadalu yake yi.