Musayar Waƙa: Duwatsun Tuntuɓe da Yaran Jamus

Mai Tawada:
Jama'a, maudu'in makon nan shi ne ƙananan duwatsun da ɗaliban Jamus ke taya dasawa a ƙofar gidajen mutanen da 'yan Nazi suka kwashe. Ƙwar biyu, amsa-amo "na". Bismillah.

Ɗan dutse ne na siminti, santi goma kowane gefe,
Samansa farantin tagulla, da hannu ake buga suna.

"A nan ya zauna" ake farawa, sai shekarar haihuwa,
Ranar kamu, da sansanin da ya zam ƙarshen kwana.

Gunter Demnig ya faro shi a Kolon, 1992,
Yau sun haura dubu ɗari, a Turai suna ko'ina.

Goggon Yara:
Ƙanena, ka auna dutse da awo mai kyau,
Ka bar yaran da suka yi aikin tsaye a rana.

Farko su shiga rumbun Arolsen da kundin gari,
Su gano gida na ƙarshe da mutumin ya zaɓa ya zauna.
(Arolsen: rumbun takardun waɗanda 'yan Nazi suka zalunta.)

Ba wanda aka cusa shi ciki da ƙarfin bindiga ba,
Nan ake yawan kuskure, sai dutse ya ɓata gona.

Bam ya rushe layi, lambobin gidaje sun sauya,
Sai an ɗora tsohuwar taswira kan ta bana.

Sannan a nemi dangi, a nemi izinin hukuma,
A tara kuɗin dutse, a jira layi wata da kwana.

Baban Ikram: Allah ya ja zamanin Goggo! Wannan ita ce waƙa, ta farkon jerin lambobi ce kawai.

Ɗan Kukawa:
Goggo, na yarda da ke, amma aji ba iri ɗaya ba ne,
Akwai jikan Baturke da ke tambaya: ni fa ina?

Kakansa ya zo ƙwadago da yarjejeniyar 1961,
Bai ɗau bindigar Hitila ba, laifin wa zan ɗauka kaina?

Wani ya ce: fasfona na nan, nauyin ma na nan,
Wanda ya gaji gida ya gaji bashinsa, har da nawa rabona.

Yaran Afirka na Balin kuwa wani suna suka bi,
Nachtigal, da ya sauka Kukawa gun Shehu Umar ya kwana.

Shi ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru, 1884,
A 2022 aka cire sunansa daga dandali, Manga Bell, sarkin Duwala na Kamaru, ya karɓi suna.

Malam Na-Arulli:
Ku dakata. Mai Tawada, karanta 1992 da baki: alif ɗari tara da casa'in da biyu, gaɓa 13 ke nan, ka cusa su a gurbin da bai wuce huɗu ba. Ɗan Kukawa ya yi haka har sau uku. Goggo ma baitinta na biyu ya yi ɗingishi, ɗangon farko ya gaza na biyu tsawo. Waƙa fa rerawa ake yi, ba da ido ake auna ta ba.

Ɗan Kukawa:
Malam, ana zancen rayukan Yahudawa miliyan shida,
Kai kana ƙirga gaɓa kamar mai awon gero a damina.

Malam Na-Arulli:
Yaro, wanda ya karya kari
Zai karya tarihi wata rana.
Harafi ɗaya in ya kauce,
Dutsen ya zam na wani suna.

Baban Ikram: Malam ya faɗi gaskiya, amma Goggo ba ta cikin masu laifi. A sake rera nata a ji.

Hajiyar Tudu: Baban Ikram, bar son kai. Na rera sau biyu, ya yi ɗingishi. Sai dai ilmin da ke ciki ya biya diyya.

Mai Tawada:
Malam na ji gyara, Goggo kuma ga martaninki,
Kin ce dangi, kin ƙi faɗa mana in sun ƙi, sai yaya za a ƙarana?

Malam Na-Arulli: "Ƙarana" ba Hausa ba ce. Ka ƙago ta ne don amsa-amo.

Goggon Yara: (ku yi haƙuri da jinkirin kwana biyu)
Ƙanena, tambayarka ita ta raba kan Munik,
Tun 2004 majalisar gari ta hana dasawa a titi, ta tsaya a kan magana.

Charlotte Knobloch, jagorar Yahudawan Munik da ta tsira daga 'yan Nazi tana yarinya,
Ta ƙi a taka sunan mamaci da takalmi, abin na mata ƙuna.

Can sai allo a bango ko ginshiƙi daidai ido,
Masu goyon dutse suka ce mai karatu dole ya sunkuya da ƙauna.

Tagulla kuwa kan yi baƙi in ba a taka ta ba,
Tara ga Nuwamba, ranar tuna farmakin 'yan Nazi kan Yahudawa, yara kan fito da soso da ƙyalle na goge suna.

Man goge ƙarfe kaɗan, a bari ya ɗan sha, a murza,
Ban da burushin waya, shi ke kankare rubutu ya bar zana.

Ɗan Kukawa: Malam Na-Arulli, ga 2004 nan a baitin Goggo. Muna jiran ƙirgarka.